Filin Tambaya da Amsa: Ɗana ya fara barci a aji, makinsa ya zube

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, a arewacin Kamaru, ina sayar da yadi. Ɗana na biyu yana da shekara 15, yana ajin turaziyem, wato aji na huɗu, a wata lise (makarantar sakandare) ta gwamnati, kuma bana ne zai zana BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Bara matsakaicin makinsa bai taɓa sauka ƙasa da 13 bisa 20 ba, amma a zangon farko na bana da 8 ya dawo mini. Surbeyan, wato mai kula da ladabtar da ɗalibai, ya aiko mini da takardar kira, da na je ya nuna mini sa'o'in da yaron ya yi fashi, ya ce yana barci a aji, kuma ya ɗaga wa malamin lissafi murya a gaban ɗalibai, idan ya sake za a gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa. Na dake shi, abin bai sauya ba, sai ma ya daina cin abinci tare da ni. Daga baya na ji cewa da dare yana karɓar babur ɗin wani abokin yayansa yana ɗaukar fasinja. 'Yan'uwana sun ce in cire shi daga makarantar in zaunar da shi a shago, tunda kuɗi yake so. Me kike gani?

Wani uba, daga Garwa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya shirya mana zuri'a. Shawarata ta farko ita ce kada ka cire shi, musamman a wannan shekarar da watanni kaɗan suka rage masa ya zana BEPC, domin wannan takarda ita ce shaidar shekara huɗu da ya yi a sakandare, kuma za a tambaye shi ita ko ya zarce ajin gaba, ko ya koma makarantar koyon sana'a, ko ya nemi shiga wata gasar ɗaukar aiki. Shago yana nan, zai same shi bayan watan Yuni idan har hakan ne alheri. Yaron da ya riƙe maki 13 har shekara guda cur bai rasa ƙwaƙwalwarsa a hutun damina ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wasiƙarka da kanta ta nuna inda ya kamata a fara bincike.

Likitocin da suka yi nazarin barci sun daidaita a kan cewa matashi mai shekarun ɗanka yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a kowane dare. Idan yana kan babur har tsakar dare, ya tashi sallar asuba, sannan ya shiga aji da bakwai da rabi na safe, to rabin abin da jikinsa ke nema kawai yake samu. Ƙarancin barci yana kashe natsuwa, yana hana abin da aka koya zama a kai, kuma yana sa mutum saurin fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka barcin aji, da zubewar maki, da ɗaga wa malami murya, ina ganin matsala guda ce ta fito ta ƙofa uku. Idan ba a gyara darensa ba kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40 kuma ajin kwano ya zama da wuyar zama ko ga wanda ya ƙoshi da barci, abin zai fi haka muni.

Amma tambayar da ta fi muhimmanci, wadda ban ga alamar an yi masa ita ba tukuna, ita ce: me yake yi da kuɗin? Yaro ba ya barin shimfiɗarsa ya shiga sanyin dare haka kawai. Wataƙila bashi ya ci, ko waya yake son saya don kada abokai su raina shi, ko ya faɗa cacar ƙwallon ƙafa da shagunanta suka cika unguwanninmu, ko kuma an nemi wani kuɗi a makaranta ya ji nauyin tambayarka saboda ya ji kana kukan kasuwa. Kowanne daga cikin waɗannan da irin maganinsa, kuma ba za ka san wanne ne ba sai shi ya faɗa da bakinsa.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba, ko da yake ba ina cewa ɗanka ya faɗa ciki ba ne. Ƙwayar tiramol ta yi yawa a hannun masu aikin babur da dare, suna sha don kada su ji gajiya. Asalinta maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, yawanci miligiram 50 ko 100, amma wadda ake sayarwa a bakin titi takan kai 200 ko 225. Alamominta sun haɗa da yawan gyangyaɗi da rana, zufa ba dalili, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya, rashin cin abinci, wani lokaci har da faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ka lura da shi a natse, kada ka tuhume shi ba tare da hujja ba, domin tuhumar ƙarya tana iya rufe bakinsa gaba ɗaya. Idan kuwa ta tabbata yana sha, kada a ɗaure shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya, saboda jikin da ya saba da ita yana shiga ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci idan aka yanke ta farat ɗaya, kuma wannan wahalar ce ke mayar da yawancinsu. A kai shi wurin likita ya rage masa sannu a hankali.

A cikin duk abin da ka rubuto, maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ya daina cin abinci tare da kai. Na san don kishinsa ka dake shi, kuma haka aka yi wa yawancinmu, amma ka gani da idonka cewa dukan bai dawo da maki ko ɗaya ba, sai dai ya nisanta shi da mutumin da ya fi kowa iya taimakonsa. Ka nemi wanda yake sakin jiki da shi, ko mahaifiyarsa, ko wani kawunsa, ko malaminsa na Islamiyya, ya fara jin ta bakinsa. Bayan haka ka kira shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ka gaya masa cewa ka san maganar babur, kuma ba don duka ka kira shi ba, so kake ka san abin da ya tura shi. Ka yi haƙuri da shirunsa, mai yiwuwa ba a zaman farko zai yi magana ba.

Sannan ka koma makarantar da ƙafarka tun kafin a sake kiranka. Iyayenmu da yawa ba sa taka lise sai ranar da takardar kira ta zo, alhali uban da ya zo da kansa yana neman mafita ba a kallonsa kamar wanda aka jawo. Ka nemi ganin malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu, da kuma jami'in ba da shawara, wanda aikinsa ke nan sauraron ɗalibai a asirce da taimaka musu a kan karatu da abin da ke damunsu. Mutane da dama ba su ma san akwai shi ba, kuma ba a biyan ko sisi don ganinsa. Ka tambaye su dalla-dalla: a waɗanne ranaku da sa'o'i yake fashi, kuma waɗanne darussa ne suka faɗi? Idan Faransanci da lissafi ne, a nan za a zuba ƙarfi, domin nauyinsu a lissafin matsakaicin maki ya fi na sauran. Ka roƙi a buɗe masa ɗan littafi da malamai za su riƙa sa hannu, kai ma ka duba ka sa hannu duk ƙarshen mako. Kuma ka raka shi ya ba malamin lissafi haƙuri, saboda malamin yana da haƙƙi, kuma kwamitin ladabtarwa yakan sassauta wa yaron da ya riga ya nemi afuwa.

Mai babur kuwa ka same shi ta hannun babban ɗanka, ka gaya masa a fili cewa yaron bai kai shekarun tuƙin haya ba, kada ya ƙara ba shi. Tunda yana son ya riƙe kuɗin kansa, wanda ba laifi ba ne, ka ba shi aikin shago ranar Asabar da ɗan abin hasafi da kuka yi yarjejeniya a kai. Kada ka sa ran 13 a zango mai zuwa. Idan ya kai 10 kuma fashin ya tsaya, ka nuna masa ka gani.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ni sabon malami ne, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata makaranta a yankin Mayo-Sava, da ke Arewa Mai Nisa kusa da iyakar Najeriya. Ɗalibai sun haura 80 a ajina na siziyem, wato ajin farko na sakandare, da yawansu iyayensu sun gudo ne daga ƙauyukan kan iyaka. Wasu sun girmi ajin da shekara uku ko huɗu, ba sa jin Faransanci sosai, kuma akwai wani babban yaro da ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura, abu kaɗan kuma sai dambe. Tsofaffin malamai sun ce mini in ban riƙe bulala ba yaran nan za su hau kaina. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma ajin yana neman fin ƙarfina. Ina mafita?

Wani malami, daga Arewa Mai Nisa.

AMSA

Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan aiki, kuma zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Dokar da ta tsara ilimi a Kamaru, mai lamba 98/004 ta 14 ga Afrilu 1998, a sashenta na 35 ta haramta azabtar da jikin ɗalibi da duk wani nau'in cin zarafi a makaranta, kamar yadda ta haramta giya da taba da ƙwaya. Don haka bulalar da ake ba ka shawara a kanta tana iya jawo maka hukunci kai kanka. Ko da babu doka ma, yaran da ka siffanta sun fito daga yankin da hare-haren Boko Haram suka tarwatsa tun 2014, wasunsu sun ga abin da babba ma ba zai iya mantawa ba, kuma yaron da ke zabura don ƙarar ƙofa jikinsa ne bai yarda cewa haɗarin ya wuce ba. Duka zai tabbatar masa ne cewa a aji ma babu aminci.

Rashin bulala ba ya nufin rashin doka. Abin da ke riƙe babban aji shi ne ɗalibai su san abin da zai faru tun kafin ya faru. Ka kafa ƙa'idoji kaɗan, uku ko huɗu, ku yi su tare, a rubuta a gefen allo, kuma hukuncin karya kowace ya zama sananne, ya hau kan kowa daidai, ɗan mai unguwa da ɗan gudun hijira. Ka riƙa fara darasi da tsari iri ɗaya kullum, misali tambaya guda a allo da kowa zai amsa a littafinsa cikin minti biyar na farko, domin yawancin hayaniya a wannan ɗan tsakanin take tashi. Ka dage ka haddace sunayensu, ko zai ɗauke ka zango guda. Yaron da aka kira da sunansa ya san an gan shi, kuma ba ya iya ɓuya cikin taro.

Ka kuma sani cewa kaso mai yawa na abin da ake kira rashin kunya a irin ajinka rashin fahimta ne. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku ba makaranta, aka zaunar da shi da ƙanana, ana magana da harshen da bai kama ba, ya fi son a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Ka raba su rukuni-rukuni, ka sa mai ɗan ƙarfin Faransanci a kowane rukuni, ka ba su minti biyu su bayyana wa juna darasin da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Mandara, sannan amsar ta dawo da Faransanci. Masu ƙyafta ido suna leƙen littafin maƙwabci kuma ka matso da su gaba, wataƙila allon ne ba sa gani.

Shi kuwa babban yaron, kada ka taɓa ƙure shi a gaban aji. Idan ya harzuƙa, ka rage muryarka, ka ba shi izinin fita ya sha ruwa ya dawo, maganar laifin kuma ku yi ta bayan an tashi, domin dambe dole a hukunta shi, sai dai ba a lokacin da jininsa ke tafasa ba. Ka zaunar da shi inda yake ganin ƙofa, kuma ka ba shi wani nauyi, kamar riƙe alli da littafin aji ko jagorancin rukuni, saboda girman jikinsa ya zama abin amfani. Kada ka matsa masa ya ba ka labarin abin da ya gani. Idan ya kawo da kansa ka saurara, ka riƙe sirrinsa. Idan ka ji yana mugayen mafarkai, ko ya daina magana da kowa, ko ya ambaci cutar da kansa, wannan ya wuce aikin malamin tarihi shi kaɗai: ka sanar da jami'in ba da shawara da shugaban makaranta a ranar, a kira wanda yake riƙonsa, a haɗa shi da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a da ke yankinku.

Tsofaffin malaman kuma kada ka yi jayayya da su a ɗakin malamai. Ka nemi guda ɗaya a cikinsu wanda ajinsa ke natse ba tare da ihu ba, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a bayan ajinsa sa'a guda, shi ma ya zo naka ya gaya maka abin da ya gani. Ka sake rubuto mana bayan zango na biyu mu ji yadda yaron yake.