Tambaya da Amsa: Shin dahuwa tana wanke naman dabbar da aka yi wa allura?

Tambaya: Likita, ni uwa ce a unguwar Badariya, Birnin Kebbi. Makon jiya na sayi naman cinya wajen mahaucin bakin layinmu, da na zo yankawa sai na tarar da wani wuri ya yi tauri, ya yi rawaya-rawaya, yana kuma warin magani. Mahaucin ya ce in na dafa sosai babu komai. Hankalina bai kwanta ba saboda yara. Ta yaya zan gane naman dabbar da aka kiwata da kyau?

Amsa: Hajiya, abin da kika gani gurbin allura ne, kuma taurinsa da warinsa suna nuna cewa ba a daɗe da yin ta ba aka yanka dabbar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka fi dannawa shanu da tumaki a ƙasar nan shi ne oksitetrasaikilin mai dogon aiki, ruwan nan mai kalar zuma da ake shimfiɗa kwalabensa a rana a gefen kara, wato kasuwar dabbobi. A jikin yawancin kwalaben an rubuta cewa sai an jira kwana 21 zuwa 28 bayan allura kafin a yanka, domin jikin dabbar ya fitar da maganin.

Maganar da mahaucin ya gaya miki kuwa, ita ce wadda na fi gajiya da ji a aikina, wato wuta tana kashe komai. Wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta saboda masu rai ne, amma magani ba rai gare shi ba balle a kashe shi. Dahuwa tana rage wani kaso nasa, sauran kuma ya zauna a tsoka ko ya sauka cikin romon da ake fara zuba wa yaro. Hanta da ƙoda sun fi tara shi, su ne kuma muke soya wa mai jego da marar lafiya. Ba a ranar ake ganin illar ba, shi ya sa mutane suke raina ta. Ƙwayoyin cutar da ke cikin mutum suna sabawa da maganin kaɗan-kaɗan, sai ranar da yaro ya kwanta asibiti a ba shi ɗan'uwan wannan magani ya ƙi ci. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin kuma, wani maganin da shi ma ake yi wa dabbobi allurarsa, ɗan ragowarsa a nama yana iya tayar masa da ƙaiƙayi da kumburi.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Saniya ta kwanta, a kira wani mai jaka da bai taɓa shiga ajin koyon aikin dabbobi ba, ya haɗa allura biyu ko uku ba tare da ya auna nauyinta ba, idan ta ƙi tashi zuwa asuba a sa mata wuƙa don kada ta zama mushe, a sayar wa mahauci da araha. Yankan ya halatta ta, amma bai warkar da abin da ya kwantar da ita ba. A watan Yulin 2023 an tabbatar da antaras, wata muguwar cutar dabbobi, a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, kuma wannan cuta tana kama mai fiɗa da mai wanke nama tun kafin a ɗora tukunya. Duk dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini yana fita ta hanci ko dubura, ba a ma feɗe ta.

Game da kiwo mai kyau, a nan ba mu da tambarin da ake mannawa a nama, saboda haka dogaronki yana kan mahaucin. Ki tambaye shi ko a mayanka aka yanka, inda ma'aikacin dabbobi yake duba dabba a tsaye, ya kuma duba huhu da hanta bayan fiɗa, ko kuwa a bayan gida. Ki tambaye shi daga hannun wa ya saya. Ragon turka da aka ciyar da harawa da kowar wake da dusa, ko bokolon da ya yi kiwo a fadama, ya bambanta da dabbar da ta rayu a bola tana cin leda. Sai dai shanun fadamar Argungu da makamantanta suna yawan ɗaukar tsutsar hanta, don haka ki sa a tsaga miki hanta a gabanki, idan jijiyoyinta sun yi fari sun yi kauri ki bar ta.

Ki je da safe, ki zaɓi naman da ke da ja mai haske, wanda in kin danna da yatsa yake dawowa. Teburin da ya wuni a buɗe babu ƙuda ko ɗaya abin tuhuma ne, domin wasu suna fesa maganin ƙwari.

Wancan naman kada ki ba yara, ki mayar masa da shi ki nuna masa wurin. Idan ya sake cewa a dafa sosai, ki kai maganar gaban Sarkin Fawa, ki kuma sauya mahauci.