Ciwon ɗana daga wurina ya gado shi?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 2 ya daina tafiya bayan wani zazzaɓi, ga farfaɗiya. Wani asibiti a nan Makka na zargin ciwon maitokondiriya. Dangin maigida sun ce daga uwa ake gadonsa. Ɗan baffana nake aure, kuma mun yi gwajin kafin aure, aka ce lafiya lau.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar dangin tana da tushe, amma sun yi gaggawar yanke hukunci.

Maitokondiriya ita ke samar wa ƙwayoyin jiki ƙarfi, shi ya sa ƙwaƙwalwa da tsoka ke fara jigata in ta samu tangarɗa. Tana da ɗan DNA nata mai ƙwayoyin gado 37, wanda daga uwa kaɗai ake samu. Sai dai fiye da ƙwayoyin gado 1,000 da ke tafiyar da aikinta suna cikin babban DNA da yaro ke ɗauka daga uwa da uba. A ƙananan yara, yawanci nan matsalar take: kowannenku yana ɗauke da ita a ɓoye, lafiyarsa ƙalau, sai suka haɗu a jikin yaron. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haka. In hakan ta tabbata, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4.

Gwajin da Saudiyya ta wajabta tun 2004 sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado) yake nema, daga baya aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta. Gwajin bai shafi wannan ciwo ba.

Hoton MRI da awon laktet (wani sinadari da kan ƙaru a wannan ciwo) a jini alama kawai suke bayarwa. Ki nemi a tura ku wurin likitan cututtukan gado, irin na Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad ko Jidda, a karanta DNA ɗin nan biyu. A ɗebi jinin ku uku, ke da maigida da yaron. Sakamakon ya fi fitowa fili haka. Jini kan ɓoye wasu sauye-sauyen na ɓangaren uwa, don haka kada ki yi mamaki in an nemi fitsari ko ɗan yankin tsoka.

Abu ɗaya ba ya jiran sakamako: in maganin farfaɗiya na Depakine ake ba shi, ki tuntuɓi likitansa yau, domin yana iya lalata hantar wanda ke da matsala a ƙwayar gado ta POLG, ɗaya daga cikin masu haddasa wannan ciwo. Kada dai ki tsayar da shi da kanki.