Adakar da aka kawo daga Yakasai

Jiya da la'asar, bayan mutanen nan sun ajiye adakar kakansu sun tafi, ka tambaye ni me ya sa na hana ka taɓa takardun. Ka ce ga waƙoƙin ajami a cakuɗe da wasiƙu, ga littafin da yake rubuta al'amuran yau da gobe a tsakani, ai gara a ware kowanne da irinsa, a kai a manne su cikin leda su huta. An kira salla ban ba ka amsa ba. To zauna, ɗana.

Abin da kake kira cakuɗe, hannun mai shi ne ya yi shi. Wanda ya cusa wasiƙar ƙaninsa a tsakiyar waƙar ta'aziyya ya san dalilinsa. Sau da yawa wasiƙar ce za ta gaya maka wa ya rasu, a wane wata, har aka yi waƙar. In ka raba su, kowace za ta zauna tsaf a wurinta, amma babu mai sake sanin abin da ya haɗa su. Ina saurayi na yi wannan ɓarnar. Na jera takardun wani malami bisa girmansu, manya a ƙasa ƙanana a sama, don su shiga tadarishi, wato bangon fata da ake rufe littafi da shi, daidai. Ɗansa ya zo ya ɗaga falle biyu uku, bai yi mini faɗa ba, ya dai yi shiru. Har yau in na tuna shirun nan sai gabana ya faɗi.

Saboda haka aikin farko ƙirga ne. Yadda ka tarar da su haka za ka bi su, ka sa wa kowane falle lamba ƙarama a gefe da fensir, kada ka kusance su da biro. Malamanmu na da ba sa ɗinke littafi, falle-falle suke barinsa a cikin tadarishi, a zura a gafaka. Amma duba ƙasan shafi, za ka ga kalma guda an rubuta ta ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta fallen da ke biye. Da ita ake bin sawun waƙa in ta watse, kuma da ita za ka gane inda falle ya ɓace.

Sannan ka koyi tambayar takarda shekarunta. Ɗaga ta a hasken taga. In ka ga jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa ketowa da ita ta Sahara. Ƙarshen waƙa kuma ka nemi ramzi, inda mawaƙi yake ɓoye shekarar Hijira a cikin haruffa. In lissafin ya ba ka 1370, ka san kana tsakanin 1950 da 1951. Littafin lissafi ya fi sauƙi: in fam da sule yake ƙirgawa, to mai yiwuwa kafin 1973 ne, kafin zuwan naira.

Batun leda kuwa, a shagon nan ba za a yi shi ba. Injin zafi ne da gam, kuma abin da ya shiga ba ya fitowa sai da fatar takardar. Salatif ma haka, shekara kaɗan ya yi ja, ya bar tabo, ya ɗauke baƙi. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta jure ko gumin hannu, balle ka lashi yatsa ka buɗe shafi. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe ita kuma cin takarda take yi a hankali, ka ga wasu haruffan sun zama huda. Irin wannan fallen a tafin hannu ake ɗaukarsa, a kwance. Fil mai tsatsa ka zare shi. Yankin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da na hango a ciki, ka bar shi inda yake, amma ka sa farar takarda gaba da bayansa, don takardar jarida tana rina maƙwabciyarta. In an gama, a ɗora adakar a kan katako nesa da bango, saboda gara da danshin damina.

Wanda ya fi damuna shi ne littafin nan na yau da gobe. Mutum ya rubuta wanda yake bi bashi da wanda yake binsa, ranar da ya saki mace, ɓacin ransa da ɗan'uwansa kan gado. Bai rubuta don ni da kai ba. Za ka karanta gwargwadon abin da aiki ya buƙata, amma ba ka karanta shi a fili a shago, ba ka ɗauke shi a wayarka ka tura wa kowa. Amana ce. Iyalin ne za su yanke ko su kai Gidan Ɗan Hausa, ko Jami'ar Bayero, ko Arewa House a Kaduna, ko su riƙe na asali su ba da hoto. Ni dai in gida yana da mai kula, na fi son takarda ta zauna wurin masu ita. In kuwa na ga za a raba ta ranar rabon gado, kowa ya ɗebi falle goma don neman albarka, sai in ce musu su kai inda za a adana ta gaba ɗaya.

Sun ce ƙanwar marigayin tana raye, ta haura tamanin, kuma tana haddace da wasu baitocin. Gobe da hantsi ka wanke hannunka, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin ciki, mu sa lambobin. Jibi mu nemi izini mu je mu gaishe da Hajiya da littafin rubutu, ta gaya mana wane rubutun ne na wanta, wanne ne na mahaifinsu.