Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ɗanta na da sankarar jini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, ina karanta tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce an gano sankarar jini a jikin yaronki ɗan shekara huɗu, kina tambaya wai yara ma suna yi, kuma iri nawa ce. Suna yi wallahi. A duniya ita ce kansar da ta fi kama yara, kuma tsakanin shekara 2 zuwa 5 ta fi yawa. Nawa yana da uku da rabi aka gano.

Wata uku muna fama da maganin maleriya da taifot. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, yaro ya yi fari fat, ga kaluluwa a wuya, da dare kukan ƙafa, da safe dasashi na jini. Wani mai kemis a layinmu ya haɗa mana magani har da dexa (wato maganin dexamethasone), kwana biyu yaro ya miƙe yana cin tuwo, na yi ta sa masa albarka. Ashe rufe cutar ya yi. A asibitin koyarwa likita ta ce irin wannan maganin yana rikita gwaji.

Amma wadda ta fi ƙona mini rai yayar mijina ce. Ranar da aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugun yaron, ina zaune a baranda riƙe da takalminsa, ta dube ni gaban mutane ta ce ai jinin gidanmu ne, sikila muka ɓoye. Gidanmu! Ni da gwajina AA. Da aka nemi jini leda biyu kuwa, cewa ta yi tana da biki. Ɗalibai biyu da ban sani ba su suka bayar. Wannan cuta ba sikila ba ce, ba ta yaɗuwa, kada ki bari kowa ya ɗora miki.

Batun iri kuwa, manyan ire-irenta a yara biyu ne, likitoci na kiransu ALL da AML, ki tambayi likita kai tsaye wacce ce. Cikin yara huɗu masu ita kusan uku ALL ce, ita ta fi jin magani, sai dai ana kai shekara 2 zuwa 3 ana yi. AML maganinta ya fi zafi amma bai kai haka tsawo ba. Akwai kuma wani irin da ake kira CML, da wuya a gan ta a yaro.

Don Allah in ya warware bayan watan farko kada ki daina zuwa, mun ga waɗanda suka koma gida ta dawo musu. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, in ya kai 38 ko tsakar dare ne ku tafi asibiti, ban da jiƙe-jiƙe. Ki fara tara lambobin masu ba da jini tun yau. Ki kuma riƙa cin abinci, ni har faɗuwa na yi a layin karɓar magani.

Nawa ALL ce. Yanzu yana aji uku, gashin ya fito har ya fi na da laushi. Ita kuwa yayar tamu har yau ba ta ce mini yi haƙuri ba.