Amsa: Tabbatar da robar hanci ta isa cikin jariri

'Yar'uwa, Allah ya ba ɗanki lafiya. Kin tambaya ko tura iska da sirinji a saurari ƙararta ya isa shaida cewa robar ciyarwar da aka zura masa ta hanci ta kai cikinsa. Bai isa ba, domin ko a huhu take ana iya jin wannan ƙarar.

Kafin kowace ciyarwa ko magani, ki zuƙo ɗan ruwan ciki da sirinji, ki ɗiga a takardar gwajin pH, wato mai auna tsamin ruwa. In ta nuna 5.5 ko ƙasa, to madalla, alama ce robar ta kai cikinsa. Ki duba alamar robar a bakin hanci, don 'yan yatsun jariri ba sa zama wuri ɗaya, suna iya jan ta.

In ruwa bai fito ba, ko takardar ta nuna sama da 5.5, ko yana tari, ko leɓensa ya yi shuɗi, don Allah kada ki ba shi komai, ki kira nas.