Re: Jemagu sun cika bishiyar mangwaron gidanmu, in sare ta?

Don Allah Malam kar ka sare, kar kuma a sa musu guba. Na gane ƙara da kashinsu sun dame ka, amma yawanci baƙi ne, in 'ya'yan itace suka ƙare za su ƙara gaba.

Miyar kukar da muke sha da daddawar da ke cikinta duk akwai hannun jemage, domin furen kuka da daddare yake buɗewa, su suke zuwa shan ruwan furen suna kai garinsa daga wannan bishiya zuwa waccan, haka ma ɗorawa. Ƙananan nan kuma na cikin rufin ɗaki ƙwari suke ci har da sauro. Zancen wai ta baki suke kashi ba gaskiya bane, tuƙar 'ya'yan itace suke tofarwa bayan sun tsotse ruwan.

Ka zauna bayan magariba ka ga yadda suke tashi, wallahi abin kallo ne. A gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya miliyoyi ke taruwa daga Oktoba zuwa Disamba, mutane har kuɗi suke biya su je gani.

Sai dai a hana yara taɓa su, a rufe randa, mangwaron da suka gutsira a zubar. Wanda jemage ya ciza ya wanke da sabulu ya tafi asibiti nan take.