Sun Ɗauke Motar, Sun Sa Bashin Cikin Asara: Har Yanzu Ana Bina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka. Na ci bashi na sayi mota, aiki ya tsaya, na kasa biya, suka zo suka ɗauke ta. A rahoton kiredit ɗina, wato takardar tarihin basussukana da yadda nake biyansu, an rubuta cewa banki ya sa bashin cikin asara. Yanzu wani kamfani da ban sani ba yana kirana wai dala 7,000 yake bina. Ga mota a hannunsu, kuɗin me kuma zan biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kawo mafita. Gaskiya ɗaci gare ta: har yanzu ana binka. Sanya bashi cikin asara lissafi ne na cikin gidan banki. Hukumomin da ke sa ido kan bankunan Amurka sun tanadi cewa bashin da ake biya wata-wata, idan ya kai kwana 120 ba a biya ba, a cire shi daga jerin kuɗin da ake sa ran samu. Yarjejeniyar da ka sa wa hannu tana nan daram, kuma bankin na iya sayar da bashin ga wani kamfani da araha, shi kuma ya biyo ka.

Motar jingina ce kawai. A ce lokacin da suka ɗauke ta saura dala 18,000 a kanka. Suka kai ta gwanjo aka saya dala 12,000, suka ɗora dala 1,000 kuɗin jan mota da ajiya da gwanjo. Ka ga saura 7,000, kuma shi ne ake nema a wurinka. Da motar ta yi kuɗi fiye da bashin, rarar taka ce.

Amma kada ka yi gaggawar sa hannu a aljihu, domin nan ne mutane suka fi cutuwa. Sashe na 9 na dokar kasuwanci ta bai-ɗaya, wadda jihohin Amurka ke aiki da ita, ya wajabta wa banki ya aiko maka takardar sanarwa kafin ya sayar da motar, ya kuma sayar da ita ta hanyar da 'yan kasuwa za su ce an yi daidai. Idan bai yi haka ba, kotu na iya rage abin da ake binka, a wasu jihohin ma ta hana karɓarsa gaba ɗaya. Don haka ka nemi takardar sanarwar, da lissafin nawa aka sayar da abin da aka cire. Kamfanin da ke kiranka kuwa, dokar tarayya ta 1977 kan masu bin bashi ta ba ka kwana 30 daga samun takardarsu ka rubuta musu cewa ba ka yarda ba, su kawo hujja. Har sai sun kawo, dole su dakata. Ka yi komai a rubuce; maganar waya ba ta da shaida.

Sannan ka duba shekarun bashin. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, galibi shekara 3 zuwa 6, a Texas 4 ne. A jihohi da dama, ko dala 20 ka biya "don su bar ka ka huta", wa'adin na iya komawa farko. Tabon da ke kan rahoton kiredit shi kuma nasa lissafin daban: kimanin shekara 7 daga lokacin da ka fara kasa biya, kuma sayar da bashin ba ya sabunta shi.

Idan hujjarsu ta tsaya, kuma wa'adi bai wuce ba, shawarata ka nemi sulhu. Tunda da araha suka saye shi, sukan yarda da ƙasa da abin da suka ambata. Kada ka tura ko sisi sai ka riƙe takarda mai cewa wannan kuɗin ya rufe bashin baki ɗaya. Ka kuma sani idan aka yafe maka dala 600 ko fiye, za a iya aiko maka fom 1099-C, hukumar haraji ta IRS ta lissafa shi cikin kuɗin shigarka, sai dai in a lokacin bashin da ke kanka ya fi dukiyarka.

Abin da nake roƙonka: in sammaci ya zo, ka amsa. Wanda ya yi shiru, alƙali kan yanke masa hukunci a bayan idonsa, daga nan a yawancin jihohi ana iya cire har kashi 25 cikin 100 na albashin da ke shiga hannunsa. Ofisoshin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi suna duba irin wannan matsala a kyauta.

Ba ka faɗa ba ko wani ya tsaya maka lokacin karɓar bashin. In akwai, ka sanar da shi yau, domin ana iya binsa dala 7,000 ɗin duka, kuma tabon na kan rahotonsa shi ma.